Jijiyar da Ta Gudu

Kowace Alhamis da hantsi, Daktura Ibtissam takan shigo ɗakin koyarwa da leda cike da ƙafafun raguna daga wurin mahauci, ta zazzage su a kan tire, ta ajiye allurai da zare a gefe, sannan ta ja kujera ta zauna da kofin shayinta ta yi shiru. Ita ce babbar likitar tiyata a wani madaidaicin asibiti a Sabha ta ƙasar Libiya, kuma haka take koyar da ƙananan likitocin da ke ƙarƙashinta. Ba ta zuwa da darasi. Ta ce ita ba boka ba ce balle ta san abin da ke cikin kan mutum. Wanda yake son ya koyi abu ya buɗe baki ya faɗa, ita kuma ta nuna masa har sai hannunsa ya faɗa. Wanda kuwa ya ce ya iya, ta yarda da shi, domin a ganinta likitan da ba za a yarda da maganarsa ba, tun farko bai kamata a ba shi wuƙa ba.

Yaran Larabawan abin ya yi musu daidai. Akwai wata ƙaramar likita Fatma, wadda ko kaɗan tambaya ba ta yi mata nauyi. Sai ta ɗaga ƙafar rago sama ta ce ita fa jiya ta yi ƙulli ya warware, a sake nuna mata. A yi dariya, a nuna mata, ta kuskure, a sake yi mata dariya, ta tafi gida ta iya.

Abdoulkadri ne abin ya tsaya wa a wuya. Ya girme su da wajen shekara goma, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Kafin ya zo Libiya neman ƙwarewa a tiyata, ya daɗe a wani ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Tanout, inda shi ne likita, shi ne ungozoma, shi ne mai cire haƙori. Kuma tun daga gaban malaminsa na allo har zuwa jami'a a Yamai, abu ɗaya aka koya masa: malami ya ba ka, ka karɓa da hannu biyu. In ya ce ka gane, ka ce ka gane, in ya so bayan an tashi ka ja abokinka bayan katanga ya yi maka bayani. Ka dubi idon malami ka ce ba ka gane ba, ai kamar ka ce masa bai iya koyarwa ba ne. Yanzu kuma a ce shi, da gemunsa da komai, ya miƙe a gaban yarinyar da ya yi ƙanwa ta uku da ita ya ce bai iya abu ba? Ko a ransa ya raya haka sai ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

Saboda haka ya samo dabara, irin dabarar da mai ita yake ganin ba wanda ya kai shi wayo. Duk Alhamis in Daktura ta dube shi, sai ya zaɓi abin da ya riga ya yi sau ɗari a Tanout, ya ce yana son ya ƙara gogewa a kai. Ya ɗinke fata tsaf kamar aikin tela, yara su taru suna kallo, Daktura ta gyaɗa kai. Abin da bai iya ba kuwa, musamman ɗinkin farar jijiyar nan mai kama da igiya wadda ke lanƙwasa yatsu, sai ya bar shi sai ya koma gida.

A gida matarsa Hindatou ce ke sayo masa nasa ƙafafun ragunan. Ya rufe ƙofa, ya jingina waya da kwalbar ruwa, yana kallon hoton bidiyo yana yankawa yana ɗinkewa. In ya gama ta kwashe ta yi farfesu, don ta ce ba za a yi asarar nama a gidanta saboda ilimi ba. Rannan tana ci ta zaro zare shuɗi daga bakinta, ta ɗaga shi tana dariya, ta ce, "Lokotoro, wannan majinyacin dai ba a cire masa zare ba aka sallame shi." Shi ma ya yi dariya. Ya ɗinke jijiyoyin matattun raguna masu yawa a ɗakin nan, har ya fara jin cewa ya iya.

A unguwar Gurda kuwa, inda 'yan Nijar masu aikin gini suka yi yawa, ba a kiran sunansa. Lokotoronmu ake cewa, wato likitanmu. Mutanen da kullum ake daka musu tsawa a wurin aiki, ake tsayar da su a hanya a tambayi takardunsu, sun sami nasu guda ɗaya da ke sa farar riga yana ba Larabawa umarni. Wanda ya fi kowa ji da shi shi ne Kawu Salissou, wan mahaifiyar Hindatou, magini ne da ya shekara goma sha a Sabha. Shi ya sauke su a ɗakinsa lokacin da suka iso, shi ya nemo musu gidan haya. Abdoulkadri ba ya cin abinci a gabansa, ba ya gaishe shi a tsaye.

Wata Litinin da azahar aka shigo da Kawu Salissou asibitin, hannunsa na dama naɗe da rawani jina-jina, mutum kusan goma na biye da shi, duk ƙurar siminti a jikinsu. Injin yankan ƙarfe, wanda suke kira saruk, ya kuɓuce ya sare shi a gindin manunin yatsa, ta wajen tafin hannu. Da aka wanke aka duba, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Jijiyar ta tsinke, kuma magini da hannun dama ba sai an yi wa kowa bayanin abin da hakan ke nufi ba.

Daktura Ibtissam ta zo da sauri, don ana jiranta a babban ɗakin tiyata, an kawo waɗanda suka yi hatsari a hanyar Tamanhint. Ta duba hannun ta ce a jira ta zuwa yamma. Kawu ya girgiza kai, ya ce da Larabcinsa na wurin aiki, ai ga ɗansu nan, shi zai yi masa. Mutanen suka amsa gaba ɗaya. Ta juyo wurin Abdoulkadri, ta yi masa tambayar da take yi wa kowa, a gaban kowa, da Larabcin da duk wanda ya shekara a Libiya zai gane.

"Ka taɓa yin irin wannan? Ko kana so ka jira in tsaya tare da kai?"

Idanu ashirin suna kansa. Kawu yana murmushi duk da zafin da yake ji, murmushin wanda ya riga ya san amsa.

"Na iya," in ji Abdoulkadri.

"Bahi, shi ke nan. In ka ga wani abu, aiko a kira ni," ta ce, ta wuce.

Aka kashe wa Kawu hannun da allura, aka ɗaure damtsen don tsayar da jini, aka sa labule tsakanin fuskarsa da aikin. Idonsa biyu, yana ta salati a hankali. Abdoulkadri ya buɗe ciwon. Nan da nan ya ga ɓarin jijiyar da ke wajen yatsa, fari sol, yadda ya saba gani. Ya nemi ɗaya ɓarin, wanda ke tahowa daga hannu, ya rasa. A ƙafar mataccen rago, in ka yanke jijiya, ɓari biyun suna nan kwance suna jiranka. A jikin mai rai, tsoka na janye nata ɓarin ya gudu can cikin tafin hannu ta wani siririn rami. Wannan ba a ɗakin Hindatou ake koyonsa ba. Ya zura ƙarfe cikin ramin ya lalubo, bai kamo komai ba. Ya sake zurawa. Gumi ya fara bin bayansa har cikin wando.

Nas ɗin da ke miƙa masa kaya ta dubi agogo, don ba a barin ɗaurin damtse ya daɗe, ta ce a hankali, "In kira Daktura?"

Salatin da ke bayan labule ya tsaya.

"Lafiya dai, Lokotoro?" in ji Kawu.

"Lafiya lau, Kawu. An kusa gamawa."

Ya girgiza wa nas ɗin kai. Ya kamo wani farin abu a bakin ramin, wanda zuciyarsa ta gaya masa rigar jijiyar ce kawai ba ita kanta ba, ya ce wa kansa wataƙila ita ce. Ya haɗa, ya ƙulla, ya rufe fata da ɗinkin nan nasa mai kyau, aka sa filasta mai tauri ta rufe komai. Da ya fito, mutanen Gurda suka miƙe tsaye suna sa masa albarka. Da yamma Daktura ta gamu da shi a baranda, a gajiye, ta tambaye shi ko aikin ya tafi daidai. Ya ce ya tafi daidai.

Da wani majinyacin ne, da ya dawo asibiti wankin ciwo, Daktura ta gani da idonta. To amma wanda yake da likita a gida me zai kai shi bin layi, ga masu tsayar da mutane a hanya? Abdoulkadri ne ke zuwa Gurda ya wanke ciwon, ya mayar da filasta, ya ce kada a motsa yatsan tukuna. Ya faɗi haka ne don ƙa'idar aikin ce, kuma ya faɗi haka ne don kada a gani. Duk zuwan da zai yi sai an shimfiɗa masa tabarma mafi kyau. Hindatou ta aika wa mahaifiyarta saƙon murya har Tanout, tana ba da labarin yadda mijinta ya ɗinke hannun Kawu da kansa, Larabawa na tsaye suna kallo. Yana jin ta daga ɗaki, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Abinci ya daina shiga. Ta ce aiki ne ya yi masa yawa, ta ƙara masa yaji a miya.

Kuma ba wai bai san lokaci na tafiya ba. Likita ne. Ya karanta, ya san jijiyar da ta gudu ana iya kamo ta in ba a daɗe ba, in aka daɗe kuwa tsoka ta ƙanƙance, ramin ya toshe. Alhamis ta zo, ya shirya maganarsa tun a hanya, kalma bayan kalma. Daktura ta dube shi, yara suka dube shi, sai ya ji bakinsa yana cewa yana son ya ƙara gogewa a ɗinkin hanji. Wata Alhamis ta zo ta wuce haka. Wata ma ta zo ta wuce. Kowane mako laifin na ƙara girma, kuma girman nasa ne ke ƙara rufe masa baki, don yanzu ba rashin iyawa kaɗai zai faɗa ba, har da shirun da ya yi.

Fatma ce ta yi tambayar, ba tare da ta san komai ba. Tana wasa da ƙafar rago ta ce ita fa akwai abin da ke damunta, wannan jijiyar ba ta motsi, to in ta mai rai ce ta gudu ciki, yaya ake yi? Daktura ta ajiye shayi ta ce tambaya mai kyau. Ta kama hannun Fatma ta lanƙwasa wuyan hannun, ta matso tsokar daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kamar mai tatsar akuya, ta ce sau da yawa haka kawai ya isa ta leƙo. In ta ƙi, kada a yi ta lalube a makance, a ɗan tsaga tafin hannu a nan, za a same ta a kwance, a zura siririn tiyo ta ramin a jawo ta. Ko shayinta bai huce ba ta gama. Abdoulkadri yana zaune yana kallo. Abin da ya hana shi cin abinci kusan wata guda, ashe bayaninsa bai kai tsawon alwala ba.

Da aka tashi ya tsaya har kowa ya fita. Ya faɗa wa Daktura duka, idonsa a kan tiren ƙafafun raguna. Ya so ta yi masa faɗa, ta zage shi ma, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta tambayi ranar da aka yi aikin, ta yi lissafi a ranta, fuskarta ta canja. Ta ce ya kawo mata Kawu yau ɗin nan.

Ya je Gurda ya tarar ɗakin Kawu a rufe. Mutumin da ya saba da aiki zama ya gundure shi, ya bi wata mota zuwa Zighan, inda ake girbin dabino, ya sami aikin tsince na kirki daga na banza da hannun hagu. Abdoulkadri ya kira shi a waya. A nan ma, da ya ji muryar dattijon tana tambayar lafiyar Hindatou, sai ya ce kawai ana son a duba ɗinki. Kawu ya yi dariya ya ce ɗinki lafiya lau, ko ƙaiƙayi ba ya yi, a bari a gama girbi. Abdoulkadri ya ce to. Kwanaki suka ƙara tafiya a kan wannan to ɗin. Sai da Daktura ta gaji da jin ana cewa Kawu yana hanya, ta ajiye masa mukullin motarta a kan tebur, sannan ya je ya ɗauko shi daga gindin dabino.

Aka cire filasta a ɗakinta. Ciwon ya warke sumul, tabon siriri, gwanin kyau. Ta ce wa Kawu ya dunƙule hannu. Yatsu huɗu suka dunƙule, manunin ya tsaya a miƙe. Kawu ya ƙara matsawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, yana yi wa yatsan dariya kamar yaron da ya ƙi aike. Daktura ta daɗe tana taɓa tafin hannun, ta sa na'ura ta duba. Daga nan ta yi wa Abdoulkadri bayani da Larabcin likitoci mai gauraye da Turanci, wanda Kawu ba ya kamawa. An makara. Abin da ya rage sai aiki biyu a jere a Tarabulus, babban birnin ƙasar, a ɗauko jijiya daga wani wuri a dasa, shi ma ba tabbas. Dukansu sun san hanyar Tarabulus cike take da shingayen bincike, Kawu kuma ba shi da takardar zama.

"Ka gaya masa da harshenku," ta ce. "Ni ba na jin Hausa. Ba zan san abin da ka faɗa ba."

Ta koma bakin taga ta ba su baya.

Da Abdoulkadri ya so, da ya ce injin ne ya yi ɓarna da yawa, ba kuma wanda zai ƙaryata shi. Ya sauka daga tsaye ya durƙusa a gaban kujerar, yadda yake yi in ya je gaisuwa.

"Kawu, yatsan nan ba zai lanƙwasu ba. Ba injin ne kaɗai ba. Ranar da aka kawo ka, ban taɓa yin aikin nan a jikin mutum ba, na ce na iya. Jijiyar ta ɓace mini, aka ce a kira Daktura na hana. Da na yi magana a makon nan na farko, da an gyara. Kunya ce ta hana ni."

Kawu Salissou ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Dariyar ta tafi, fuskar ta zama ta tsoho sosai.

"Cokalin gini fa? Zan riƙe?"

"Za ka riƙe, amma ba kamar da ba."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. Ya tambaya ko Hindatou ta sani, Abdoulkadri ya ce ba ta sani ba.

"To kada ta sani. Uwarta ma kada ta ji. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan." Ya yi ajiyar zuciya. "Tashi, Lokotoro. Ba a durƙuso da farar riga, wani zai iya leƙowa."

Abdoulkadri ya so ya ce a'a, ya ce a bari kowa ya ji, a tsine masa a huta. Amma ba a musu da suruki, kuma ya gane dattijon ba shi kaɗai yake rufa wa asiri ba, har da 'yar ƙanwarsa, har da duk mutanen da ba su da wani abin nunawa a garin nan sai shi. Ya miƙe.

Labari ya riga ya kai Gurda cewa yau za a kwance hannun Kawu, saboda haka mutane na zaune a inuwar katangar asibiti suna jira. Suka taso suka kewaye su. Kawu ya yi gyaran murya ya ce yatsa ɗaya ya ƙi, haka Allah ya ƙaddara, saruk ba ya wasa. Ya ce ba don Lokotoro ba, da wataƙila hannun ne gaba ɗaya za a yanke, don haka kowa ya gode masa. Ya ɗaga hannun sama ya dunƙule don su gani, yatsan nan ya tsaya a miƙe, yana nuna ƙirjin Abdoulkadri.

Mutanen suka bi yatsan da ido, suka juyo gare shi. Ɗaya bayan ɗaya suka matso suna ba shi hannu, suna cewa Allah ya ƙara basira, Allah ya bar mana kai. Ya tsaya a cikin rana yana karɓa, yana cewa amin. Hannaye ne masu kaushi, siminti ya cinye su, kuma kowanne da ya kama nasa, yatsunsa biyar sai sun lanƙwashe sun riƙe shi gam.